Lambar Girma Ta Wanda Ya Ceci Ɗan'uwansa Soja

Jama'a, in muka ji an ce an rataya wa soja lambar girma, abin da ya kan zo mana a zuciya shi ne ya gwada wa abokan gaba ƙarfi a fagen fama. To, a ƙasar Amurka akwai wata lamba wadda ba ruwanta da wannan. Sunanta Soldier's Medal, watau Lambar Soja. Majalisar Dokokin ƙasar ce ta kafa ta ran 2 ga watan Yuli, 1926, domin sojan da ya nuna jaruntaka a inda ba a gwabzawa da maƙiyi, kamar a wurin gobara, ko ruwa, ko haɗarin jirgi.

Sharaɗinta kuwa mai tsanani ne. Ceton rai kaɗai bai isa a ba mutum ita ba. Sai an tabbata ya sa ransa cikin haɗari da ganin damarsa, ba wanda ya tilasta masa.

Bari mu kawo muku labarin wani da ya same ta. Cikin watan Nuwamba, 1968, a ƙasar Biyetnam, wani jirgin sama mai saukar ungulu ya ɗauko Janar Charles Gettys da waɗansu hafsoshinsa. Garin sauka a wani ɗan fili cikin kurmi, sai farfelar jirgin ta daki itace, ya rikito ƙasa. Ba harbo shi aka yi ba, tsautsayi ne kurum. Cikin waɗanda ke ciki akwai wani Manjo, ana ce da shi Colin Powell. Ya sami fita, amma da karaya a idon sawu. Hayaƙi na tashi, kowa kuwa ya san jirgi mai ɗauke da mai bai da tabbas. Da ya tsaya nesa, ba mai zarginsa. Duk da haka ya koma, ya jawo mutum uku daga ciki, har da shi Janar ɗin. Saboda wannan aka ba shi lambar.

Wannan Manjo shi ne ya zama babban hafsan hafsoshin Amurka a 1989, ya zama Sakataren Harkokin Waje a 2001. Ya rasu a 2021.

Mu dai a ganinmu hikimar lambar a fili take. A fagen fama soja yana da umurni a bayansa, ga kuma idon shugabanni. A bakin jirgin da ke hayaƙi kuwa, daga shi sai zuciyarsa. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Rundunar da kowane soja ya tabbata ɗan'uwansa zai komo dominsa, ita ce ba ta watsewa ran wuya. Yabon gwani kuwa ya zama dole.