Makbes: Gwarzo a Fagen Fama, Makashi a Tsakar Dare

Tun kafin mai kallo ya sa Makbes a ido, kirarinsa yake fara ji. Wani soja ne aka kawo jina-jina gaban Sarki Dankan na Sikotland domin ya faɗi yadda aka kwashe da 'yan tawaye. Ya ce yaƙi ya yi tsamari, an rasa gane maci tuwo, sai Makbes ya kutsa da takobi har ya cim ma madugun tawayen, ya farke shi daga ciki har muƙamuƙi, ya sare kansa ya kafa a kan ganuwa. Sarki ya yi murna, ya yabi ɗan'uwan nasa, kuma nan take ya ƙara masa girma. Akwai wani hakimi, na ƙasar Kodo, da aka kama yana haɗa baki da abokan gaba. Aka yanke masa hukuncin kisa, aka ɗauki sarautarsa aka ba Makbes. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wiliyam Shekspiya ya rubuta wannan wasan kwaikwayo wajen shekarar 1606, aka fara buga shi a 1623, shekara bakwai bayan rasuwarsa. Shi ne mafi gajarta a cikin wasanninsa na ban tausayi, kuma duk wanda ya yi darasin adabin Turanci a sakandare ko jami'a zai yi wuya bai ci karo da shi ba. Yawancin masu karatu suna ɗaukarsa labarin mutumin kirki da buri ya lalata. Ni ina ganin wannan karatun ya yi wa Makbes sassauci, ya kuma wanke fadawan da ke kewaye da shi. Hannun da ya farke ɗan tawaye a filin daga shi ne hannun da ya soki tsohon sarki yana barci. Babu abin da ya sauya a jikin mutumin illa wanda ya juya wa takobin. Lokacin da yake kashe wa sarki abokan gaba, sunan abin jarumta, har da lada. Mutanen fada sun ji labarin rashin imaninsa da kunnuwansu tun ranar farko, suka tafa masa.

A kan hanyarsu ta dawowa daga yaƙi, Makbes da abokinsa Banko suka haɗu da wasu mata uku matsafa. Suka gaya wa Makbes zai zama hakimin Kodo, sannan zai zama sarki. Shi kuwa Banko suka ce ba zai hau gadon ba, amma zuriyarsa za su hau. Ba a jima ba 'yan aike suka iso da albishir na sarautar Kodo. Abin lura a nan, matan ba su ce wa kowa ya yi kisa ba. Mutum biyu ne suka ji duba iri ɗaya a wuri ɗaya. Banko ya yi kaffa-kaffa da zancen, Makbes kuwa tun yana tsaye a wurin hoton kisan ya fara yi masa yawo a kai. Da Dankan ya bayyana ɗansa Malkam a matsayin yarima mai jiran gado, sai Makbes ya ga an gitta masa shinge.

Haka kuma an saba ɗora laifin a kan matarsa. Gaskiya ne ita ta tsara yadda za a yi, ita ta zuga shi da gori a kan mazantakarsa lokacin da ya so ja da baya. Amma a duba dalilin da ya ba ta na son fasawa. A zuciyarsa ya riga ya lissafa cewa Dankan ɗan'uwansa ne, sarkinsa ne, kuma baƙonsa ne, wato amana uku a wuyansa. Da ya buɗe baki gaban matarsa, abin da ya fito shi ne cewa sarki bai daɗe da karrama shi ba, jama'a kuma suna ganin girmansa, ba ya son ya zubar da wannan kwarjini tun yana sabo. Sunansa a bakin mutane ne ya dame shi. Da matar ta nuna masa hanyar da za a yi kisan sunan kuma ya tsira, gardama ta ƙare.

Dankan ya sauka a gidan Makbes da ke Inbanes yana yaba kyan iskar wurin. Ya ci ya sha, ya yi wa bayin gida kyauta, ya aika wa uwargida da lu'ulu'u. Da dare ya raba, matar ta bugar da dogaransa biyu da abin sha mai magani, Makbes ya shiga ya kashe shi da wuƙaƙensu. Ya fito a ruɗe da wuƙaƙen a hannu, ita ta karɓa ta mayar, ta shafa wa dogaran jini.

Abin da ya faru da asuba ne ya fi nuna ko wane ne shi. Makdaf, hakimin Faif, ya zo tashin sarki ya tarar da gawa. Gida ya rikice da kururuwa. Makbes ya ruga ɗakin, ya dawo, ya sanar da cewa ya kashe dogaran nan biyu saboda fushi. Makdaf ya tambaye shi dalili. Sai ya yi doguwar magana mai daɗin ji, cewa son da yake wa sarki ne ya rinjayi hankalinsa, wa zai ga wannan gawa ya iya haƙuri? A bugu ɗaya ya kawar da mutanen da kaɗai za su iya cewa ba su ne ba, ya kuma mai da kisansu hujjar biyayyarsa. Kuma ya sha, domin irin abin da aka san shi da shi ke nan: mutum mai zafin zuciya, mai saurin zare takobi saboda sarki. Kirarin da aka yi masa jiya shi ya zame masa garkuwa yau. 'Ya'yan sarkin biyu suka gane cewa zama ba nasu ba ne, Malkam ya gudu Ingila, ƙanensa ya nufi Ailan, gudun nasu kuma ya sa zargi ya koma kansu. Aka naɗa Makbes. Makdaf bai je bikin naɗin ba, ya koma garinsa.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Wasan nan daga farko har ƙarshe musu yake yi da wannan magana, kuma babu inda musun ya fi ƙarfi kamar a kan Banko. Sabon sarki ya shirya liyafa, ya gayyaci tsohon abokinsa a bainar jama'a, ya kira shi babban baƙo. Cikin fara'a yake tambayarsa: za ka fita kilisa yau? Da nisa za ka? Ɗanka Filiyans zai bi ka? Kowa zai ɗauka kulawa ce ta aboki. Banko na ba da baya aka shigo masa da wasu mutum biyu da duniya ta juya wa baya. Ya zauna yana cusa musu cewa Banko ne silar talaucinsu. Sannan ya faɗa musu abin da ya sa ba zai yi aikin da kansa ba: yana da ikon kawar da Banko a fili, amma akwai manyan da suke abokan su biyun, ba ya son rasa goyon bayansu, don haka dole a gan shi yana makokin wanda shi ya sa a kashe. Ko matarsa bai gaya wa ba a wannan karon. Ya ce ta bari sai an gama ta yaba.

Ana cikin liyafa, baƙi sun zazzauna, ɗaya daga cikin makasan ya leƙo bakin ƙofa da jini a fuska. Sarki ya je ya same shi a gefe. An yanka Banko an jefa a rami, amma yaron ya tsere. Makbes ya koma cikin baƙinsa yana cewa da ma Banko na nan da taro ya cika, har yana ɗan zarginsa da saɓa alkawari. A nan ne fatalwar Banko ta bayyana a kan kujerarsa, shi kaɗai yake ganinta. Ya shiga sambatu gaban hakimansa. Matarsa ta yi ta ƙoƙarin rufa asiri, tana cewa tsohuwar lalura ce da ke taso masa tun yana yaro, daga baya ta sallami kowa babu shiri. Da suka rage su biyu ya gaya mata cewa babu gidan wani babba a ƙasar da bai ajiye bawa mai kawo masa rahoto ba.

To me ya hana manyan ƙasa magana? Shekspiya ya amsa da wata 'yar gajeriyar fitowa wadda masu shirya wasan sukan yanke saboda ba ta da armashi a dandali, alhali tana cikin mafi hikima. Wani hakimi mai suna Lenoks yana hira da wani basarake, yana jera abubuwan da suka faru kamar mai yabon sarki. Makbes ya ji tausayin Dankan, sai ga Dankan ya mutu. Banko ya yi dare a waje, wataƙila ɗansa ne ya kashe shi tunda ya gudu. Kashe dogaran nan kuwa ai dabara ce, don da an bar su da sun musa, ran kowa ya ɓaci. Habaici ne tsantsa. Kowa ya ga biri ya yi kama da mutum, amma a ƙasar da kowane gida ke da kunnen sarki, mai son kansa da arziki sai ya yi zambo cikin yabo. Lenoks ɗin nan da shi aka shiga ɗakin gawar Dankan, da shi aka zauna a liyafa, kuma bayan wannan hira ma an sake ganinsa yana kai wa Makbes labari. A ganina irinsa ne ke riƙe wa azzalumi rigar mutunci, domin sarki shi kaɗai ba ya iya ɓoye gawa huɗu.

Daga nan Makbes ya daina wahalar da kansa da ɓoye-ɓoye. Ya koma wurin matsafan, suka ce ya kiyayi Makdaf, suka kuma ba shi tabbaci biyu: babu wanda mace ta haifa da zai cuce shi, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Banam ya taso ya nufo tudun Dansinen. Da ya ji Makdaf ya tsallaka Ingila, sai ya tura aka karkashe matar Makdaf da 'ya'yansa da bayinsa. Wannan kisan ba shi da wata riba ta mulki, huce haushi ne kawai, kuma a gaban 'yan kallo ake soke ƙaramin ɗan Makdaf yana cikin hira da uwarsa. Sarauniya, matar Makbes, ta zautu, tana yawo cikin barci tana wanke hannu, har ta mutu. Malkam ya taho da dakarun Ingila dubu goma, ya sa kowane soja ya sari reshe a dajin Banam ya rufe kansa. Makdaf kuwa ashe farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi. Shi ya sare kan Makbes.

Labarin ya bi duniya saboda kowace al'umma ta san irin wannan mutum. Akira Kurosawa ya mai da shi zamanin mayaƙan Japan a fim ɗinsa na 1957. A Afirka ta Kudu, Welcome Msomi ya yi shi da harshen Zulu a 1970 da sunan uMabatha. Masu kallon fina-finan Indiya kuma za su tuna da Maqbool na 2003, wanda Vishal Bhardwaj ya shirya, inda Irrfan Khan ya fito a matsayin na hannun daman wani uban 'yan daba a Mumbai, 'yan sanda biyu masu cin hanci kuma suka maye gurbin matsafan.

Akwai wani juyi da ya kamata mai karatu ya sani. An yi sarki na gaske mai wannan suna a Sikotland, ya yi mulki daga 1040 zuwa 1057. Shi ma ya kashe Dankan, amma a fagen yaƙi kusa da garin Elgin, kuma Dankan na tarihi ba dattijo ba ne. Shekara 17 a kan gado ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da sarakunan ƙasar ba su cika mutuwa a kan shimfiɗarsu ba. A 1050 har ziyarar ibada ya kai birnin Rum, inda aka rubuta cewa ya yi wa matalauta rabon kuɗi, abin da ke nuna ba ya fargabar a ƙwace masa mulki a bayansa. Malkam ɗan Dankan ya kashe shi a Lumfanan a 1057.

Shekspiya ya samo labarin daga littafin tarihi na Holinshed, bugun 1587, ya kuma yi masa kwaskwarima yadda ya ga dama. Kisan sarki a gidan mai masaukinsa daga labarin wani sarki dabam ya ɗauko, mai suna Daf. Shekaru goman da littafin ya ce Makbes ya yi yana mulki da adalci, ya share su. A wurin Holinshed, da Banko aka ƙulla kashe Dankan. Amma a 1603 Sarki Jems na Sikotland ya gaji sarautar Ingila, ya ɗauki ƙungiyar wasan Shekspiya a ƙarƙashin inuwarsa, kuma gidan sarautarsu na Stuwat suna danganta asalinsu ga Banko. Jems ɗin ya taɓa rubuta littafi a kan maita da tsafi a 1597, sannan a 1605 ya tsallake makircin da aka shirya na tarwatsa majalisa da albarushi yana ciki. Marubucin da ke cin abinci a inuwar irin wannan sarki ba zai fito da kakan sarki cikin masu kisan sarki ba. Saboda haka Banko ya fito fes, laifin duka ya koma kan mutumin da ya mutu fiye da shekara 500 kafin lokacin, wanda ba shi da jika a kan gadon sarauta da zai yi fushi a madadinsa.