Abin da Ke Sa Ido Ya Kasa Jure Haske

Kasa jure haske, wato mutum ya riƙa runtse ido ko zubar da hawaye ko jin zogi da zarar rana ko fitila ta haske shi, ba cuta ce mai zaman kanta ba, alama ce da ke nuna cewa wani abu ya sami idon ko kuwa ƙwaƙwalwa. Sau da yawa matsalar tana farawa ne daga siririn gilashin halitta da ke rufe baƙin ido, wanda yake cike da jijiyoyin jin zafi fiye da kusan kowane sashe na jiki, shi ya sa ɗan ƙwarzane kaɗan yakan hana mutum buɗe ido. Ƙurar hunturu da bushewar ido suna jawo haka, da amosanin ido idan ya tsananta har gashin ido ya juya ciki yana gogar gilashin, da kuma apolo, jan idon nan mai yaɗuwa wanda ya ɓarke a Ghana a 1969.

Masu walda sun fi kowa sanin wannan azaba, domin wanda ya yi aiki babu garkuwar fuska, ba ya jin komai sai bayan awa 6 zuwa 12, ya farka cikin dare kamar an watsa masa yashi a ido, saboda hasken walda ya ƙona saman gilashin. Baƙin tabaran kasuwa da wasu ke maƙalawa ba ya tsare musu komai. Zabiya kuwa da abin aka haife shi, saboda idonsa ba shi da isasshen sinadarin launi da ke tace haske.

Akwai kuma inda idon lafiya lau yake, amma haske ke damun mutum, kamar mai ciwon kai na ɓari guda, wanda yakan nemi ɗaki mai duhu ya kwanta. Mafi haɗari shi ne sanƙarau, wanda ke yawaita a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar daga hunturu zuwa bazara, domin idan gudun haske ya haɗu da zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya, bai kamata a kwana ba a kai mara lafiya asibiti ba. Haka nan idan ido ɗaya ya yi ja, yana ciwo, gani kuma ya ragu, sayen maganin ɗigawa a kemis ba tare da likitan ido ya duba ba ganganci ne, domin wasu magungunan rage kumburi suna ƙara rura gyambo idan akwai shi a kan gilashin ido.