Kariyar Hannu a Wasan Takobi

Kayan yaƙin da ake gani a jikin 'yan sulke da 'yan lifidi lokacin hawan sallah, sa'ad da hakimai kan fito da mahayansu, sun daɗe a ƙasar Kano, domin tarihin sarakuna ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa don hana kaifi ratsa jiki, lifidi kuwa tufa ce mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke domin ta shanye ƙarfin duka. Tafin hannu da yatsu su ne aka fi bari a fili, garkuwa ce ke tsare su, alhali ƙotar takobin Hausa ba ta da abin tare sara sai ɗan guntun ƙarfen da ya gitta.

A Turai da Amurka, inda ƙungiyoyi ke raya tsohon salon faɗan takobi da takubba marasa kaifi, an lura cewa yatsu na cikin gaɓoɓin da suka fi jin rauni, shi ya sa suke sanya safar hannu mai sulke. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai wadda ke haɗe yatsu huɗu ƙarƙashin ɓawo ɗaya na ƙarfe ko roba mai tauri, wadda ke rarraba nauyin duka amma take rage sakewar hannu, akwai kuma mai yatsu biyar a rarrabe, wadda ke ba da daɗin riƙo amma take barin rata a tsakanin gaɓoɓi, inda takobi kan matse ɗan yatsa a jikin ƙota har ya karye. Wajibi ne mai saye ya duba babban yatsa da kan farce da wuyan hannu, ya kuma dunƙule hannu a kan ƙota ya gani ko ɓawon yana dafa ƙotar maimakon ya danne nama.

Abin da magabata suka gane game da sulke bai canza ba: ƙarfe shi kaɗai yana tare kaifi ne, ba ya hana ƙashi karyewa sai da abu mai laushi a ƙarƙashinsa. Saboda haka safar aikin walda ko ta 'yan babur ba ta isa ba, kuma matasa masu sha'awar wannan wasa sun fi dacewa da mai haɗe yatsu, wadda maƙeri da baduku za su iya haɗa hannu su yi, muddin an shimfiɗa mata auduga daga ciki.