Mine ne V8 da ake rubutawa bayan mota?

Mutanen Bazaga da ke zuwa kasuwar Birnin Konni sun saba ganin manyan motoci bisa gudoro. Bayan wasu an rubuta V8, wasu kuma V6. Mutane da yawa suna zaton sunan motar ke nan. Ba sunanta ba ne. Bayanin injinta ne.

Baƙin V babu shi cikin baƙaƙen Hausa, shi ya sa ba a koyar da shi a makarantar yaƙi da jahilci. Kamarsa ɗaya da gwafa: rassa biyu, gindi ɗaya.

Cikin injin mota akwai ramuka na ƙarfe, ana ce da su silinda. Kowace silinda kamar turmi take. Cikinta akwai fistan, shi ne taɓarya. Idan mai da iska suka shiga suka kama wuta, sai su tura fistan ƙasa da ƙarfi. Fistan ya juya wata sandar ƙarfe da ke gindin inji, ita kuma ta kai juyin ga ƙafafun mota.

Injin babur da na famfon ban ruwa galibi silinda ɗaya gare su. Peugeot 404 ta da tana da 4, jere bisa layi guda. To, idan aka jera 8 haka, inji zai yi tsawo ƙwarai. Sai makera suka raba su gida biyu: 4 dama, 4 hagu, kowane layi a jingine, duka suna juya sanda guda. Wanda ya duba daga gaba zai ga siffar V. Lambar da ke biye ita ce yawan silinda.

Mace ɗaya a turmi tana daka tana hutawa. Mata da yawa suna lugude, wannan ta ɗaga, waccan ta sauke, sauti ba ya yankewa. Haka inji yake. Duk juyi ɗaya na sandar, mai silinda 4 yana bugu 2, V8 yana bugu 4. Shi ya sa yake da ƙarfin jan kaya da ratsa rairayi, kuma ba ya yawan girgiza.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Ford na Amurka ya fara sayar da V8 mai sauƙin kuɗi a 1932. Toyota ta sa V8 cikin Land Cruiser a 1998, amma sabuwar da ta fito a 2021 V6 gare ta.

Sai dai masu daka da yawa, ci da yawa. V8 yana shan mai ƙwarai. Idan na isansi ne, buji 8 ake saye ranar canji, ba 4 ba. Kan inji biyu ne, gyara ma ninki ne, kuma ba kowane makaniki ya iya shi ba.

Ƙungiyar manoma da ta tara kuɗi don sayen motar kai albasa kasuwa, ta buɗe gaban motar ta ƙirga silinda tun ba ta biya ba. Ta kuma tambayi masu gareji a Konni ko ana samun kayan gyaranta kusa.