Launin Fenti da Zafin Ɗaki

Masu fenti sun kasa launuka gida biyu: masu ɗumi, wato ja da rawaya da ruwan goro, da masu sanyi, wato shuɗi da kore. Sai dai wannan ɗumi a ƙwaƙwalwa yake, ba a bango ba. A tantanin idon ɗan Adam akwai ƙwayoyin gane launi iri uku. Su ke aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma ta danganta ja da wuta, shuɗi da ruwa. Da za a rataya ma'aunin zafi a jan ɗaki da shuɗin ɗaki, da wuya a ga bambanci.

Abin da ke tasiri shi ne hasken launi ko duhunsa. Farin bango kan mayar da yawancin hasken da ya faɗo masa, mai duhu kuwa ya shanye shi ya zama zafi. Don haka shafa farin fenti a rufi da bayan gini ya fi rage zafin bazara.

A ciki kuwa, ɗakin da rana ke duka ya dace da shuɗi mai haske, wanda ke inuwa kuma rawaya. Kafin a sayi galan, a shafa kaɗan a duba da rana, a sake dubawa da dare ƙarƙashin fitila.