Ƙwaƙwalwar Mota: Dalilan Yawan Canjinta a Bauchi da Abin da Ke Biyo Baya

A garejojin Zungur da sauran sassan Bauchi, akwai hukuncin da a da ba a san shi ba, yanzu kuwa ya zama ruwan dare: "Alhaji, birenbos ɗinka ta ƙone, sai an canza." Wannan ƙwaƙwalwa ita ce 'yar kwamfutar da ke auna man da zai shiga inji, ta kuma tsara lokacin da fulogi zai ba da wuta.

Dalili na farko, motocin ne suka canza. Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna da kafireto take aiki, bakanike na iya saita ta da kunne da sukundireba. Motocin da suka cika titi yau, Corolla da Camry da Accord da Golf da 406, duk kwamfuta ke tafiyar da injinsu. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wato soket ɗin da ake jona na'ura a karanta ciwon mota, Turai ta bi sahu a 2001 ga motoci masu amfani da fetur. Sai dai motocin sun riga ilimin gyaransu isowa garejinmu.

Na biyu, hannu. Wanke inji da ruwa mai ƙarfi, yin walda ba a cire batir ba, juya kan batir, da zare shi inji na aiki don gwada caji, kowanne na iya ƙona ƙwaƙwalwa. Ba kullum laifin namu ba ne: a 2010 Toyota ta janye Corolla da Matrix fiye da miliyan 1, ƙirar 2005 zuwa 2008, saboda aibi a wannan na'ura. Duk da haka, sau da yawa ciwon na fiyus ne, ko wayar da ta tsinke, ko sensa, ko famfon mai, amma a ɗora wa ƙwaƙwalwa don ba a auna ba.

Na uku, kuɗi. Bayan sakin Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga kusan 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. Sabuwar ƙwaƙwalwa ta gagari talaka, sai aka koma ga 'yar tokumbo daga Ladipo a Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna.

A nan gizo ke saƙar. Mai kaya zai ce, "Iri ɗaya ce, soket ma ya shiga." Shigar soket ba shaida ba ce. Lambar da ke jikin takardarta ita ce alƙali: ta Toyota galibi da 89661 take farawa, ta Honda da 37820, bambancin kuma yana ragowar lambobin. Su ke nuna irin inji, shekarar ƙira, giya mai canza kanta ko ta hannu, da ƙasar da aka ƙera motar dominta. Corolla ta Amurka da ta Turai suna iya kama a ido, amma umarnin cikinsu daban.

Idan aka kuskure, sakamakon kan zo iri uku. Ko motar ta ƙi tashi, domin makulli mai guntun lantarki bai san sabuwar ƙwaƙwalwar ba sai an haɗa su da kwamfuta. Ko ta tashi tana zuƙar mai da fizgar giya, wanda tun cire tallafin fetur a Mayun 2023 asara ce ta kowace rana ga direban haya. Ko kuma, idan wayoyin da suka haɗu ne suka ƙona ta farko ba a gyara ba, ta biyun ma ta bi sahu. Tsadar ta kuma sa ɓarayi na fasa motoci don ita kaɗai.

Akwai alheri a ciki: samari masu na'urar bincike sun sami sana'a, wasu har gyara tsohuwar suke yi, abin da ke raba mai mota da wahalar makulli.

Gyaran yana hannun ɓangarori uku. Mai mota ya nemi a auna kafin a yanke hukunci, ya riƙe tsohuwar don gwada lamba, ya kuma ƙulla sharaɗin mayarwa kafin ya biya. Ƙungiyar kanikawa ta NATA ta ja kunnen 'ya'yanta kan walda da batir. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Tatari Ali kuwa su buɗe wa yaran gareji gajerun darussa da Hausa, domin kuɗin na'urar aunawa da horo bai kai asarar da ake tafkawa a canjin ƙwaƙwalwar da lafiyarta ƙalau ba.