Sai Word Kaɗai Ke Buga Takarda? Gaskiya da Ƙarya Kan Manhajar Rubutu

Da kakar bara, ƙanwata da mijinta suka fitar da masara daga rumbu, suka sayar a kasuwar Funtua, suka saya wa ɗiyarsu da ke ajin ƙarshe a jami'a kwamfutar cinya ta hannu. Mai shagon ya ce ya zuba mata komai da komai. Ana cikin haka, wata rana da daddare sai ga kiranta, muryarta na rawa: "Kawu, wani jan layi ya fito a saman Word, ta hana ni rubutu, ga shi jibi zan kai babi na uku." Da na duba, sai na tarar ba kwamfutar ce ta lalace ba. Manhajar da aka zuba mata ce ba ta da lasisi, wa'adinta kuma ya cika.

Daga Funtua zuwa Bakori, Ƙafur da Malumfashi, kwamfuta ta shiga gidaje. Sakataren ƙungiyar manoma na rubuta sunayen waɗanda suka karɓi taki, malamin makaranta na shirya tambayoyin jarrabawa, dillalin hatsi na lissafin buhuna. Amma abin da akasarinmu muka sani game da manhajar rubutu, a bakin shago muka tsinto shi. Ga maganganun da suka fi yawo, da matsayin kowace.

"In ba Word da PowerPoint ba, babu abin da zai yi aikin."

Ƙarya ce. Su ne dai suka fi shahara, don sun daɗe: Word ta fito a 1983, PowerPoint a 1987, har sunansu ya zama sunan aikin, kamar yadda muke ce wa kowane garin sabulu Omo. Amma akwai LibreOffice, wadda wata gidauniya mai mazauni a Jamus, The Document Foundation, ke kula da ita tun 2010. A cikinta akwai Writer ta rubutu, da Impress ta shirya shafukan da ake haskawa a majigi, da Calc ta lissafi. Akwai WPS Office ta kamfanin Kingsoft na China, wadda da yawanmu muka riga muka sani a wayoyinmu. Akwai kuma Google Docs da Google Slides. Dukkansu suna buɗe fayil ɗin Word da na PowerPoint, suna kuma iya adanawa a tsarin Word da na PowerPoint.

"Office kyauta ce, da ita kwamfuta ke zuwa."

Ƙarya ce. Windows daban, Office (wato kunshin da Word da PowerPoint ke ciki) daban, kowace da kuɗinta. Microsoft na sayar da Office ta hanya biyu: Microsoft 365, wadda ake biya duk wata ko duk shekara kamar hayar gona, da kuma Office 2024, wadda ake saya sau ɗaya don kwamfuta ɗaya. Abin da kamfanin ya bayar kyauta shi ne Word da PowerPoint na kan intanet, waɗanda ake buɗewa da asusun Microsoft, su kuma sai da data. Idan ka tarar da cikakkiyar Office a kwamfutar da ka saya ta hannu, ba a ba ka shaidar lasisi ba, ka tambaya daga ina ta fito.

"Wadda aka fasa daidai take da ta asali, kuɗi ne kawai bambanci."

Wannan ce ƙaryar da ta fi cutarwa. A ido kam iri ɗaya suke. Sai dai kafin a fasa makullin Office, ana amfani da wata ƙaramar manhaja da ba a san wanda ya rubuta ta ba, kuma sau da yawa sai an kashe kariyar Windows tukuna ta yarda ta shiga. Ka yi tunanin baƙon da zai ce ba zai shiga gidanka ba sai ka sallami maigadi. Masana tsaron kwamfuta sun sha gano ƙwayoyin cuta a ɓoye cikin irin waɗannan manhajoji, har da masu kwashe kalmomin sirri. A kwamfutar da ake buɗe imel, ake shiga asusun banki, ake ajiye sunaye da lambobin 'yan ƙungiya, wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Ban da haka, yawancin fasawar ta wucin gadi ce, shi ya sa jan layin nan ke dawowa a ranar da aka fi bukatar aiki. Sannan akwai batun haƙƙi, wanda duk mai kula da halas ɗin abin da ke hannunsa ba zai tsallake ba.

"Duk manhajar da aka ce kyauta ce, to jabu ce."

Ƙarya ce. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a nan sai an bambance kyauta da sata. LibreOffice masu ita ne suka sake ta ga kowa, lasisinta ya halatta a sauke, a yi aiki da ita, a kwafa wa maƙwabci a filash. A 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus ta sanar da mayar da kwamfutocinta kusan 30,000 kan LibreOffice. Gwamnati ba za ta ɗora takardunta kan jabu ba. Ita kuwa WPS ta kyauta halas ce ita ma, sai dai tana nuna tallace-tallace, wasu ayyukan kuma sai an biya.

"In ka rubuta da wata manhaja, takardar na hargitsewa a shagon bugawa."

Nan akwai gaskiya. Yana faruwa: shafi ya zame, jadawali ya karkace, kan babi ya koma ƙasan shafi. Amma sanin dalili ne maganinsa. Na farko, LibreOffice na adana fayil a nata tsarin mai suna odt, sai ka zaɓi docx idan wani zai gyara a Word. Na biyu, salon harafi: in ka rubuta da harafin da babu shi a kwamfutar shago, sai ta musanya da wani mai faɗi daban, layuka su goce. Wannan na faruwa ko tsakanin Word da Word. Mafita mai sauƙi ita ce, duk abin da bugawa kawai za a yi, ka mayar da shi PDF kafin ka fita gida. Yadda ka tsara shi haka zai fito. Haka ma mai gabatar da jawabi da majigi, ya riƙe kwafin PDF a gefe. Wanda kuwa malaminsa ko ofishinsa ke ba shi takardu masu tsari mai sarƙaƙiya kullum, gaskiya Word ta asali ta fi masa kwanciyar hankali.

"Duk sai da data suke aiki."

Rabi gaskiya, rabi ƙarya. Google Docs da Word ta kan intanet an gina su ne don mai sadarwa a kai a kai. Amma LibreOffice sau ɗaya ake sauke ta, nauyinta bai kai rabin giga ba, daga nan ko a ƙauyen da babu sabis za ta yi aiki. Ga wanda ke zaune inda sadarwa ke zuwa tana ɗaukewa, wannan ma'auni ne babba.

"Kwamfuta ba ta rubuta ƙ da ɗ da ɓ."

Da can akwai wahala, yanzu babu. A shekarun 1990 sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera haruffan Hausa masu ƙugiya don kwamfuta, aikin da ya taimaki marubuta ƙwarai. Yau waɗannan haruffa na cikin Unicode, tsarin haruffan da duniya ta amince da shi, kuma Windows na da madannan Hausa a cikin jerin harsunanta. Ka ƙara su a wurin saita harshe, za su yi aiki a Word da Writer da WPS baki ɗaya. Babu sauran uzurin rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa", ko "bata" a maimakon "ɓata".

"Tsohuwar Office ta daina aiki."

Ba ta daina buɗewa ba, kulawa aka daina yi mata. Microsoft ta daina toshe ɓarakar tsaron Office 2007 tun 2017, ta 2016 da ta 2019 kuwa ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mai amfani da su ya yi hattara da fayil ɗin da bai san asalinsa ba, da filashin da ya zaga shaguna.

To, wace za a zaɓa? Aikinka ne zai faɗa maka. Mai rubuta wasiƙa, rahoton taro, tambayoyin jarrabawa ko lissafin buhuna, LibreOffice ta ishe shi. Mai aiki tsakanin waya da kwamfuta zai ji daɗin WPS. Mutum uku ko huɗu da ke rubuta abu ɗaya daga garuruwa daban, Google Docs ta fi musu. Wanda sana'arsa ta dogara da Word, ya saya da lasisi, ya sa kuɗin cikin jarinsa kamar yadda manomi ke sa kuɗin iri.

Ɗiyar ƙanwata da Writer ta ƙarasa rubutunta, ta kai shago a PDF, ba layin da ya goce. Ya mai karatu, kafin ka miƙa kwamfutarka a ce za a zuba maka komai, ka yi tambaya biyu: wace manhaja ce, kuma ina lasisinta? Matambayi ba ya ɓata.